Malam, Wace Amsa Kake So?

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a watan Agustan 2014 bai manta da daren ruwan gishiri ba. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya, tsoro ya cika ƙasa, sai ga saƙo yana yawo a wayoyi: wai a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan ɗumi mai gishiri, a kuma kurɓa, shi ke nan an tsira. 'Yan'uwa suka riƙa tashin 'yan'uwa daga barci. Ni ma wajen ƙarfe uku yayata ta buga mini waya, muryarta na rawa, tana haɗa ni da girman Allah in tashi yara. Kafin a ankara an kwantar da mutane a asibiti, wasu har sun rasa rayukansu. A cikin waɗanda suka ɗora tukunya a wuta a daren nan akwai masu difloma, akwai masu digiri, akwai waɗanda suka ci kiredit a darasin kimiyyar halittu.

Bayan 'yan shekaru, ina koyarwa a wata sakandare, na rubuta wannan saƙo a allo gaban 'yan aji biyu na babbar sakandare, sun haura tamanin, wasu a benci wasu a bakin taga. Na ce kowa ya rubuta abin da zai yi in saƙon ya shigo wayar babansa, kafin ya yarda ko ya ƙi, ya kuma kawo dalili. Aji ya yi tsit. Can sai yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, wadda ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba, ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, wace amsa kake so? Mu rubuta gaskiya ne, ko mu rubuta ƙarya ne?"

A bencin baya kuwa akwai wani yaro da kan yi fashi duk ranar kasuwa, don yana bin mahaifinsa kara wajen cinikin dabbobi. Layi uku ya rubuta, da Turancin da sai ka dafe kai kafin ka gane. Ma'anarsu dai ita ce: saƙon bai faɗi sunan likitan da ya yi maganar ba, kuma in da gishiri na magani, me ya sa likitoci ke mutuwa alhali babu gidan da ba gishiri? Ƙarshen zango yarinyar ta zo ta ɗaya kamar kullum, shi kuma yana can kusa da wutsiya. Na duba takardar jarrabawar da ni da hannuna na tsara, na rasa inda waɗannan layuka uku za su samo masa ko rabin maki.

Tun daga ranar nake tunanin abin da jarrabawarmu ke aunawa. Ɗauki ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A daƙiƙa 40 ana iya gane ko yaro ya san abu, ana iya gane ko yana da saurin lissafi, amma ba a iya ganin yadda ya auna magana biyu masu karo da juna. Ba na ganin baiken hukumar, domin wanda zai duba takardun yara kusan miliyan biyu cikin 'yan kwanaki ba shi da wata hanya sai ta zaɓi ɗaya cikin huɗu. WAEC, da ke nan tun 1952, da NECO da ta zo a 1999, suna da ɓangaren dogon rubutu, to amma duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro ya san yadda ake yi. Ko tambaya ta ce "tattauna", jagorar ba da maki tana ɗauke da jerin batutuwa, kowane batu maki biyu, biyar sun ba ka goma. Mai duba takarda, da buhun takardu a gabansa da wa'adi a wuyansa, ido yake bazawa yana neman kalmomin da ke cikin jerin, ya yi musu ƙugiya ya wuce. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Sun gane tun wuri cewa abin da ke biya shi ne ka mayar wa malam kayansa yadda ya ba ka, ko waƙafi kada ya ɓata.

Abin dariya, duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi ya ji labarin Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago da matakai shida da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1956: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, tsattsage shi, haɗa shi da wani, sai na ƙoli, wato auna shi a yanke hukunci. Mun haddace su tsaf, mun zuba su a takarda, mun ci maki. Wato darasin da ke gargaɗi kada a tsaya a matakin farko, shi ma da matakin farko aka gwada mu a kansa.

Kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun tattara amsoshi 7,804 daga ɗalibai, tun daga 'yan ƙaramar sakandare har 'yan jami'a. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙananan sun kasa bambance talla da labari, ko da yake an rubuta a jikin tallan cewa biya aka yi aka sa shi. An nuna wa 'yan babbar sakandare hoton wasu furanni masu karkatacciyar halitta, aka ce wai sakamakon haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima ne da ya faru a Japan a 2011. Kusan huɗu cikin goma suka ce hoton ƙwaƙƙwarar hujja ce, alhali babu abin da ya nuna inda aka ɗauke shi ko wanda ya ɗauka. Gwajin PISA kuma, wanda ƙungiyar OECD ke yi wa 'yan shekara 15 tun 2000, ya nuna a 2018 cewa a ƙasashen ƙungiyar, masu kuɗi da ɗakunan karatu da intanet, ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke iya rabe tabbataccen zance da ra'ayi idan ba a fito an nuna masa ƙarara ba. Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan gwaji, saboda haka ba mu da ma'aunin da za mu ji kunya da shi ko mu yi taƙama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin Wineburg shi ne abin da ya biyo baya. Ya zaunar da masana tarihi, da ɗaliban Stanford, da ƙwararrun masu tantance labarai a gaban kwamfuta, ya ba su shafukan intanet su auna. Ɗaliban da ma wasu daga cikin masanan suka duƙufa a kan shafin, suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa da daɗin Turancinsa, aka yaudari da yawansu. Masu tantance labaran kuwa ko minti ba sa yi sai su bar shafin, su tafi wasu wurare su tambayo wane ne mai wannan shafi, wa ke ba shi kuɗi, me wasu suka ce a kansa. Da na karanta wannan sai na tuna zauren da muka yi karatun Musɗalahul Hadisi. Ai malaman jarhu da ta'adili sun fi shekara dubu suna wannan aiki: ba a tambayar mai riwaya ko shi mai gaskiya ne, zuwa ake a tambayi waɗanda suka zauna da shi, a duba ko ya riski wanda ya ce ya ji daga bakinsa, a gwada riwayarsa da ta amintattu. Muna da wannan a gida. Yaro zai koye shi da yamma a islamiyya, da dare ya tura wa mutum hamsin saƙon da ba shi da uwa ba shi da uba, domin ba wanda ya taɓa nuna masa cewa ma'aunin yana aiki a wajen littafin.

To ta yaya ake auna wannan basira? Turawa sun daɗe suna fama. Akwai gwajin Watson da Glaser, wanda har yau wasu kamfanonin lauyoyi a Ingila ke amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata: a ba ka ɗan sakin layi, a tambaye ka ko kaza ya biyo daga kaza, ko akwai wani zato da aka ɓoye a cikin maganar. Yana da amfaninsa, sai dai shi ma zaɓi ne cikin amsoshi, kuma duk abin da aka mayar zaɓi, gobe za ka tarar da littafin tsofaffin tambayoyinsa a kasuwa. Akwai wani gwajin da ake ba ɗaliban jami'a a Amurka, inda ake tara musu takardu iri-iri, rahoto da jadawali da wasiƙa, a ce su rubuta shawara. Da shi Richard Arum da Josipa Roksa suka bi ɗalibai sama da 2,300, suka bayyana a 2011 cewa kashi 45 cikin ɗari ba su nuna wani ci gaban a zo a gani ba bayan shekara biyu a jami'a. Masu suka sun ce yaran ba su da abin samu ko na asara a gwajin, don haka ba lallai ne sun dage ba. Sukar na da ƙamshin gaskiya. Duk malami ya san yadda aji ke amsa tambayar da aka ce ba ta cikin maki.

Amma babbar matsalar tana wani wurin, kuma Daniel Willingham na Jami'ar Virginia ya sa mata yatsa a 2007: zurfin tunani ba kamar hawan keke ba ne, da in ka iya sau ɗaya ka iya a kowace hanya. Yana manne da sanin abin da ake tunani a kai. Mahaifin yaron nan na bencin baya, in ka kawo masa sa, zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya latsa nan ya taɓa can, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, kuma duk rantsuwar da dillali zai yi ba za ta motsa shi ba. Wannan shi ne auna hujja, tsantsarsa. Miƙa masa takardar yarjejeniyar bashin banki, yanzu a yi masa sakiyar da ba ruwa. Farfesan da zai tsefe takardar bankin kuma, kai shi kara ka ga yadda za a sayar masa da tsohuwar saniya a kuɗin karsana. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu kiran a ƙirƙiro sabon darasi mai suna zurfin tunani, a ba shi awa ɗaya a mako da jarrabawarsa. Na san ƙarshensa: za a rubuta masa littafi, yara su haddace ire-iren kurakuran hujja goma sha biyu, su ci maki, su koma su yi wanka da gishiri.

Shi ya sa kuma ba na cikin masu zagin hadda. Wanda bai riƙe jadawalin sau ba ba zai hango cewa lissafin ɗan kasuwa ya karkace ba, wanda kansa babu shekaru da sunaye ba zai gane an haɗa mutum biyu da ƙarni ya raba ba. Aibin yana ga tsayawa a nan. Ibn Khaldun ya koka da haka tun ƙarni na 14: ya lura ɗalibai a Magrib suna shafe shekaru a majalisin malamai bakinsu a rufe, hankalinsu na kan hadda fiye da kima, har ya kwatanta shekara 16 da ake ɗiba wa ɗalibi a makarantun can da shekara 5 da ke isa a Tunis, inda ake koyo ta hanyar muhawara.

Wani zai ce to a koma ga dogon rubutu mana, kamar maƙwabtanmu. Ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, kafin ya sami bakaloriya sai ya zauna jarrabawar falsafa, tsarin da aka gada daga Faransa, inda ake ba yaro awa huɗu da tambaya guda ya yi ta kokawa da ita. Ina sha'awar wannan, ba zan ɓoye ba. Sai dai shi ma yana da nasa ramin. Yara kan haddace ƙwarangwal ɗin amsa, ra'ayi da kishiyarsa da sulhunsu, su tanadi maganganun masana da za su liƙa ko sun dace ko ba su dace ba. Ga kuma rigimar maki. A shekarun 1930 wasu masu bincike a Faransa, Laugier da Weinberg, sun ba masu duba jarrabawa daban-daban takardu iri ɗaya, suka ga yadda maki ke tsalle daga hannu zuwa hannu. Lissafinsu ya nuna kafin a sami makin da za a dogara da shi, takardar lissafi na buƙatar masu dubawa 13, ta falsafa kuwa 127. A ƙasar da ake zargin akan ba da maki don sanayya ko don abin goro, wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son zaɓi ɗaya cikin huɗu ke da ita: kwamfuta ba ta san ɗan wane ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne wani abu tsakanin biyun. A cikin darasin da yaro ya riga ya karanta, a ajiye masa abin aunawa a gabansa, gajere, wanda bai taɓa gani ba, a tambaye shi ta ina ya sani. A darasin noma, misali: manomi ya zuba sabon taki a gonarsa ta fadama ya sami buhu 20, maƙwabcinsa bai zuba ba a gonarsa ta jigawa ya sami 12, mai sayar da takin ya ce ga shaida nan. Ka yarda? Me za ka so ka sani tukuna? Layi biyar sun isa a gane yaron da ya hango cewa ƙasar gonakin ba ɗaya ba ce. A tarihi kuma abin ya fi daɗi. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 lokacin Sarki Alu ba ya gari, suka ci Sakkwato a Maris, aka yi yaƙin Burmi a Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Maimakon a ce yaro ya jero waɗannan, a ba shi 'yan layuka daga rahoton shugaban Turawan, Lugard, zuwa ga iyayen gidansa a Landan, da 'yan layuka daga abin da mutanen gari suka riƙe, a tambaye shi: wa kowannensu ke yi wa magana, me yake so a gaskata, a ina suka haɗu, a ina suka rabu? Marigayi Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi irin wannan aiki a kan abin da Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina bayan zuwansa a 1851, yana duba yanayin da baƙon ya ga abin da ya gani da irin tabaran da ya gani da shi. Shi ma Ibn Khaldun da ya iske Mas'udi da wasu marubuta sun ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000, bai ce ƙarya suke don ya ƙi su ba. Lissafi ya buga: wace ƙasa za ta ɗauki wannan runduna, alhali Farisa da duk girman mulkinta kimanin 120,000 ta tara a Ƙadisiyya ban da barori? Irin wannan tambaya ɗan sakandare zai iya koyonta.

Wurin ba da maki shi ne inda gizo ke saƙa. Jagorar ba za ta zama jerin amsoshi ba, za ta zama bayanin abin da ake nema: yaro ya tambayi tushen maganar, ya rabe abin da aka gani da abin da aka zata, ya hango wani dalilin da zai iya haifar da abin, kuma hukuncinsa bai fi ƙarfin hujjarsa ba. Yara biyu za su iya saɓawa a hukunci su ci maki ɗaya. Don rage son rai, malaman darasi su zauna da takardu goma, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a baje a yi gardama har ma'auni ya daidaita, kamar yadda 'yan kasuwa ke gwada mudu da mudu. Ranar farko za a ji kunya. Na taɓa ba takarda takwas, abokin aikina ya ba ta uku, muka kwashe rabin awa kafin mu gane shi Turancin yake dubawa, ni kuma dalilin.

Wannan ya kawo maganar harshe, wadda ba ma son taɓawa. Yawancin abin da muke kira rashin tunani a wurin yaranmu rashin Turanci ne. Yaron da zai kayar da kai a muhawara da Hausa a bakin shago, in ka ce ya rubuta da Turanci sai ya zama kurma. In tunani ake son aunawa, a ware wani kaso na makin aji a yi shi da baki, minti uku ga kowane yaro, ya kare abin da ya rubuta da harshen da yake tunani da shi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ma, aikin gida ya daina zama shaidar komai, tambaya ɗaya ido da ido, "me ya sa ka ce haka?", ta fi shafi goma tona asiri. Na san minti uku sau tamanin awa huɗu ne, ga malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ba ni da dabarar da za ta ɓatar da wannan lissafi. Abin da na sani shi ne ana iya rarraba shi cikin zango, yara biyar yau, biyar jibi.

Saura ƙorafin iyaye da wasu malamai, cewa wannan hanya ce ta koya wa yara fitsara. Akwai abin dubawa a ciki. Mai gardama daban, mai nazari daban. Yaron da ke cewa "duk ƙarya ne" ga kowane zance bai fi mai cewa "haka ne" komai ba, dukansu sun huta da wahalar aunawa, kuma jagorar maki ta gari sifili za ta ba su su biyun. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani ɓangare na ƙorafin tsoro ne. Ranar da wani yaro ya fara juyo mini da tambayata, ya ce, "Malam, kai ta ina ka sani?", sai da na ji wani abu ya taso mini a wuya. Ga shi kuwa abin da na faɗa ɗin daga littafin aji na ɗauko shi, ban taɓa bin sawunsa ba.

Zangon da ya biyo bayan darasin gishiri na sa irin wannan tambaya guda ɗaya a jarrabawa, mai maki goma cikin ɗari. Yaron kara ya ci takwas. Yarinyar ta ci huɗu, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, har mahaifinta ya zo makaranta da littafinta a hannu yana nuna wa shugaba cewa tambayar ba ta cikin abin da na rubuta musu, kuma gaskiyarsa, ba ta ciki. Ita kuwa ba ta yi fushi ba. Ta same ni a ofis bayan an tashi, muka bi tambayar tare, kuma cikin minti goma ta hango abin da ko yaron bai hango ba. Da za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, irin wannan za ta fito a babbar jarrabawa?" Na ce mata da wuya. Ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta zaro littafin tsofaffin tambayoyi daga jaka tana tafiya tana buɗawa.